Ranar da Talatu Ta Faɗi Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa cin masa a unguwar Habbena ya san Talatu Maraɗi, ya kuma san bakinta. Shekara ashirin da biyu ke nan da ta sauka N'Djamena da tanda ɗaya ɗaure a zane. Yanzu tana da gidan abinci mai tebur takwas, wanda mahauta da dillalan shanu ke cikawa tun da hantsi. Ba ta taɓa barin katin zamanta ya mutu ba, ba ta kuma taɓa yarda wani ya rufe mata baki ba.

Sai sanyin ƙashi ya kama mata hannu. Ma'aikatanta biyu 'yan ƙasar ne, sun iya miya ƙwarai, amma masa ta gagare su. In ba ta ƙone ba, ta fito da nauyi kamar dutsen guga. Da teburori suka fara zama wayam, Talatu ta aika Maraɗi a turo mata Zuleha, 'yarta ta fari, wadda kaka ta riƙe tun daga yaye ta kuma koya mata tuya.

To, a nan gizo ke saƙar. Wajen alkunya Talatu mutuniyar da ce. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a nuna ta a ce tawa ce. Shekara talatin da ɗaya, abin da Zuleha ke ji daga bakin uwarta shi ne "ke", a bayan ido kuma "waccan". Ita ma Yaya take ce mata.

Baƙuwa kuwa ba ta aiki sai da izini. Aka cika takardu da Faransanci, aka manna hoto, Talatu ta kai ofis. Ma'aikacin da ke karɓa, Muntasir, mutum ne mai ladabi, amma ya gaji da masu neman izini ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Ya dafe takardun da hannu, ya tambaye ta da Larabci sunan wadda za ta ɗauka.

"Yana cikin takarda," in ji Talatu.

"Daga bakinki nake son ji, Madam."

"Ku da kuka yi boko a lakwal, ku karanta mana."

"To, mece ce a wurinki?"

"Mai tuya ce."

Ya tura mata takardunta. Ta fito tana huci. Zuleha kuwa ta riga ta iso, kwanakin da aka ba ta na ziyara za su cika ranar Alhamis, daga nan sai komawa Maraɗi.

Gado mahauci, mai kawo mata nama, ya ce shi zai je ya yi wa mutumin bayanin al'ada. Talatu ta galla masa harara. "Ka je ka ce mi? Kunyata sai an yi mata tafinta? In ba su sani ba, su zauna da rashin saninsu." Ta koma ofishin sau biyu, sau biyu tana dawowa da amsar nan ɗaya. Ni dai da nake cin masarta kullum, a ganina taurin kai ne, amma ba ni da ƙarfin halin faɗa mata.

Da safiyar Laraba ta leƙa ɗaki ta tarar Zuleha na ninke kayanta. Ta riga ta wanke tanda, ta shafe ta da mai, ta kife.

"Ke, mi kike yi?"

"Yaya, kada ki ɓata al'adarki don ni," in ji Zuleha, ba ta ɗago kai ba. "Ai na saba."

Wannan "na saba" ta yi wa Talatu zafi fiye da ciwon hannunta. Ta ga ashe abin da take kira kunya, yarinyar nan shiru kawai ta ji tsawon rayuwarta. Ta yafa mayafi, ta ce mata ta biyo ta.

Ofis cike yake, har da Hausawan unguwar Gardolé da suka san ta. Da layi ya zo kanta, ba ta jira tambaya ba. Ta buga takardun a tebur da hannun nan mai ciwo.

"Suna kake so? Zuleha sunanta. Zulaihatu. Ni na haife ta, da damina, a ɗakin uwata. Ba wanda ya fi ta tuya daga nan har Maraɗi. Rubuta!"

Wata dattijuwa a layi ta kama baki. Talatu ta juya ta dube ta. "Mai jin kunya ya toshe kunnensa, Hajiya."

Muntasir ya buɗe takardun, ya jawo hatimi. Kafin ya buga, sai aka ji wata murya daga bayan Talatu, can ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"Na'am."

Ba kiranta aka yi ba, amma shekara talatin da ɗaya Zuleha na riƙe da amsar nan. Talatu ba ta waiwaya ba, don kada a ga idonta. Ta karɓi takardarta ta ninke.

"Share fuskarki, Zuleha," ta ce. "Ƙullu na jiranmu."