Akuyar da Ta Sha Faɗan Ɗan Farina

Shekarun baya can, tun ina da haƙoran tauna goro, ɗana na fari ya dawo mana ƙauyenmu Balan daga Gaya da Alƙur'ani a ka. Saura ya rubuta shi da hannunsa ba tare da dubawa ba, sannan a kira shi alaramma. Malaminsa kuwa ya tsufa, idanunsa sun fara dushewa. Ya ce masa, "Ka kawo mini rubutunka tun ina bambance baƙi da fari."

Aka sayo takarda wurin fatake, na dafa tawada da kaina. Sai rubutu ya ƙi zuwa. Yau alƙalami bai fiƙu ba, gobe tawada ta yi ruwa, jibi ana suna a Gafasa, wai bai kamata a ga babu shi ba. Ranar da ya zauna kuma sai ya yini a kai har wuya ya ƙage, ya yi ta jinya. Na ji yana gaya wa matarsa wai rubutu sai ranar da hannu ya buɗe.

Ni ban san alif ba, amma tun ina yarinya ban taɓa jiran hannu ya buɗe kafin in ɗauki mazari in yi kaɗi ba. Faɗa ya cika mini ciki. To, ɗan fari ne. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a haɗa ido da shi, balle a zaunar da shi a yi masa faɗa.

Sai na ɗaure akuyata a bayan zaurensa. Da an idar da sallar asuba in shimfiɗa tabarma kusa da ita, in ɗauko audugata.

"Ke akuya," in ji ni da ƙarfi, "kin ga wasu? Sun miƙe ƙafa suna jiran koko, tsoho na can Gaya ido na tafiya."

Can na ji daga ciki, "Akuya, ki ce wa Inna yanzu za a fara."

"Ke akuya, mazari ɗaya, shafi ɗaya, kullum. Babu ƙari, babu ragi. Koko sai bayan nan."

Daga ranar ina kaɗi ina sauraron ƙarar alƙalami ta bango, ƙirit, ƙirit. In ta tsaya, akuya ta sha faɗa. Da aka kwana biyu ƙarar ta daina tsayawa ma. Na ji daɗi, har na ƙara masa ƙuli-ƙuli a kan kokon.

Ran nan akuya ta tsinke igiya ta faɗa zauren, na bi ta a guje. Me zan gani? Malam kwance rigingine, ido rufe, yana karta busasshen alƙalami a bayan ƙwarya! Ashe ƙwarya nake ta saka wa albarka. Na juya masa baya, na kama kunnen akuya, na wanke ta tas: raguwa, maƙaryaciya, mai cin amanar tsoho. Tana kuka ina ƙarawa, har mutane suka leƙo ta katanga.

Da yamma maƙwabciyata ta sallama wa ɗana, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, ka yi wa tsohuwarka rubutun sha. Duk gari ya ɗauka, an ce iska ta taɓa ta, da dabba take hira."

Abin da faɗana bai yi ba, wannan ya yi. Washegari tun kafin in shimfiɗa tabarma na ji ƙirit, ƙirit. Da na cika mazari aka turo shafi ta ƙarƙashin asabari, tawada ba ta bushe ba. Na duba shi da kyau kamar na sani, na gyaɗa wa akuya kai. Daga baya matarsa ta ce a kife na riƙe.

Damina ta wuce, rani ya wuce, ko ranar kasuwa ba mu yi fashi ba. Da ya gama ya kai rubutun Gaya, malamin sai da ya kai takarda dab da hanci, amma ya gani, ya karanta da kansa. A walima akuyar aka yanka. Ni dai ban iya cin naman ba.

Abin da na gane, hannu ba ya buɗewa don an jira shi, sai an sa shi aiki kullum, kaɗan kaɗan. Har yau yana rubutun asubarsa. Wannan ma shi ke rubutawa, ni kuwa 'yar da akuyar ta bari nake ba labari.

Kwanan baya ciwon gwiwa ya kwantar da ni, ban fito ba. Sai na ji muryarsa a ƙofar ɗakina: "Ke akuya, yau wasu ba su yi kaɗi ba. Anya za su sha koko?"