Mai Masaukin 'Yarsa

Duk wanda ya sauka Wagadugu daga Kano da dilar kaya, babu Faransanci ko kalma ɗaya a bakinsa, kafin ya sha ruwa za a ce masa ya nemi Kabo a Zongo. Kabo mai dosiye, wato mai haɗa wa mutane takardun hukuma. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka in na faɗi halinsa ba gulma na yi ba, shaida na bayar. Ni ce Huseina, mai atamfa a kasuwar Rood Woko, kuma ba a san ni da ɓoye magana a ciki ba.

Gidanmu gidan masauki ne tun zamanin kakanmu, wanda Yaya ya ci sunansa. Fataken goro a zaurenmu suke sauke kaya. Al'adar kuwa ɗaya ce: baƙo ya iso, ya durƙusa ya ajiye goro a gaban mai gida. In mai gida ya fasa ya ci, shi ke nan, baƙo ya zama amanarsa. Zai ba shi ɗaki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a gaban hukuma, kuma ko me ya faru asirin baƙo ba zai tonu daga bakin gidan ba. Kakanmu ya riƙe wannan, babanmu ya riƙe, har aka zo kan Yaya Kabo.

Yaya ya gaji zauren amma bai gaji kan ciniki ba. Ya taɓa goro, goro ya ruɓe a hannunsa. Ya koma yadi, yadi ya koɗe a rana. Shekarar da kasuwa ta ƙone shi ma rumfarsa ta tafi, har yau yana ba da labarin asarar da ya yi, ko da yake ni na san abin da ke cikin rumfar nan, wallahi wuta ba ta ƙoshi da shi ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne baki. Shekara shida ya yi a lekol, wato makarantar boko, ya fito da Faransancin da yake yi ta hanci, ga yaren More kamar a kan karagar sarki aka haife shi. Da ya ga fatake sun daina zuwa da jakuna, yanzu matsalar baƙo takarda ce, sai ya sayi baƙar jaka da tabarau, ya jera biro uku a aljihun gaba, ya hau tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya zama mai dosiye.

Gaskiya ɗaya ce, ya iya aikin. Baƙo zai zo ko hanyar meri, ofishin magajin gari, bai sani ba, Yaya ya ɗora shi a bayan moto. A yi hoto, a sayi tambur na manna wa takarda, a samo shaidar zama a unguwa, a je a yi katin ƙasarsu a ofishin jakadanci, a buɗe masa rajistar kasuwanci, a nuna masa inda ake biyan harajin fatanti don kada a rufe masa shago. Ya san wane ofis ake zuwa da sassafe, wane ma'aikaci ne ba a yi wa magana sai ya sha kofi, wace madam ce sai an tambayi lafiyar 'ya'yanta. A hanya yana koya wa baƙo: kada ka miƙa takarda da hagu, kada ka ce a Najeriya ba haka ake yi ba, in an yi maka tsawa ka ce mersi. Kalmarsa ɗaya ce, "Yel ka be," wato babu matsala da yaren More. Ko gidanka ke cin wuta abin da zai ce maka ke nan.

Abin da ke cinsa shi ne son a yabe shi. Yaya zai iya kwana da yunwa in dai za a ce a masallaci ai Kabo ne ya yi. Inuwar giginya ce shi, na nesa ke sha. Rufin ɗakin matarsa Salamata ya yi damina uku yana yoyo, shi kuwa yana can yana bin layi don wani Bakano da bai san shi ba sai jiya.

Shekara goma sha biyar ke nan da wani Alhaji Ubaidullah ya sauka gidanmu, ɗan kasuwar shadda daga Kano. Matarsa ta rasu, ya taho da 'yarsa Rahmatu, yarinya 'yar shekara bakwai. Ya ajiye goro, Yaya ya fasa ya ci. Cikin wata guda an gama masa komai na shago. Sai ya ce yana son a sa yarinyar a lekol, amma an ce sai da takardar haihuwa, shi kuwa a gida aka haife ta, ba su taɓa yi mata ba. Akwai hanyar da ake bi a samu, amma sai an jira, sai an aika Kano, kuma saura kwana biyu a rufe ɗaukar yara.

Ina zaune a tsakar gida ranar, ina tsince shinkafa. Yaya ya shigo ya buɗe gwangwanin da ake ajiye takardu, ya zaro takardar haihuwar 'yarsa Shahida, wadda ke da shekara shida a lokacin. Salamata ta tambaye shi ina zai kai ta. Ya ce aro ne kawai, kwafinta zai sa a buga a meri, ita Rahmatu ta shiga lekol ɗin unguwar Tampouy da shi, Shahida tana nan a ta unguwa, wa zai haɗa biyun? Na ce masa suna ba zani ba ne da za a ba da aro a dawo da shi an wanke. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce mai atamfa ta tsaya ga atamfa, baƙonka annabinka. A zaure na jiyo Alhaji yana ta sa masa albarka, Yaya yana cewa yel ka be, muryarsa har rawa take don daɗi.

Haka aka yi Shahida Kabo biyu a garin nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Ta Tampouy ba ta yi nisa ba, ta bar karatu, ta yi katin ɗan ƙasa da wannan sunan, ta yi aure da shi a meri, uban ya buɗe shago na biyu da sunanta tunda a takarda 'yar ƙasa ce. Tamu kuwa ta riƙe karatu kamar ta haɗiye littafin. Katin makaranta ya ishe ta duk jarrabawar da ta yi, har ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Burinta ɗaya tun tana ƙarama, ta zama ungozomar asibiti, domin ta ga yadda uwarta ta sha wuya a haihuwar ƙarshe. Bara aka buɗe konkur na gwamnati, jarrabawar neman gurbin karatun ungozoma, aka ce a kai dosiye cikin mako huɗu, kuma sai da katin ɗan ƙasa.

Ni na raka ta, don ubanta yana can da wani baƙo. Aka karɓi takarda, aka ɗauki hoto, ta ɗora yatsu a na'ura. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon allo, sannan ta juyo shi wajenmu. Ga suna, ga sunan Yaya da na Salamata, ga ranar da na ɗauke ta a zani tana jaririya, amma fuskar Rahmatu ce. Matar ta ce mai wannan suna ta riga ta karɓi katinta shekara biyar da suka wuce. Ta ce ɗaya daga cikinsu ƙarya take, kuma ba a ofis ake raba wannan ba sai a gaban alƙali. Shahida ba ta yi kuka ba. Ta naɗe takardarta ta sa a jaka, muka hau moto muka koma gida.

Mun nemi shawara, an ce abin yana gyaruwa. Sai dai Yaya ya je ya faɗi gaskiya, ya kawo shaidu, a soke katin waccan, a mayar wa mai suna sunanta. Amma shi zai amsa tambayoyi, Alhaji ma haka. Na je har shagon Alhaji Ubaidullah. Mutumin ya tsufa, ya yi ta salati, ya ce auren 'yarsa da takardun jikokinsa biyu da shago duk a kan sunan nan suke, amma shi baƙo ne, abin da mai masaukinsa ya yanke shi zai bi. Na ji haushinsa, amma ba kamar na wanda ya haifa ba.

Na sami Yaya a zaure bayan la'asar yana goge tabarau. Na ce saura kwana ashirin a rufe konkur, yaushe za shi kotu?

Ya ce, "Huseina, na ci goron mutumin nan. Tun kakanmu gidan nan bai taɓa tona asirin baƙo ba. Ba a kaina za a fara ba."

Na ce, "Kakanmu baƙo yake ba ɗaki, Yaya, bai taɓa ba shi ɗa ba."

Sai ya fara kawo mini tarihin fatake. Na bar shi yana yi. Ni dai na san ba goro ne ya riƙe masa ƙafa ba. Tsoro yake ji kada a buɗe dosiye ɗaya a ce a kawo sauran, kuma yana jin kunyar a ce a Zongo aikin Kabo ya ɓaci. Da sunansa ya zube gara na 'yarsa ya ɓata, wannan shi ne gaskiyar magana, sauran duk ado ne.

Kwana tara bayan nan ya shigo gida da fara'a, jaka a hammata, ya kira Shahida da uwarta. Ya ce ya samo mafita. Tunda Rahmatu ta ɗauki sunan Shahida, to sunan Rahmatu yana nan babu mai amfani da shi. Ya sa an aiko da shaidar haihuwa daga Kano, ya yi mata katin baƙi da hotonta, Rahmatu Ubaidullah, haifaffiyar wata unguwa da ko a mafarki ba ta taɓa gani ba. Har da shaidar masauki, ya sa hannu da kansa cewa yarinyar baƙuwa ce a gidansa. Ya ce yanzu ko an tare ta a hanya tana da abin nunawa, kuma aikin da ke cin wata biyu shi a kwana tara ya gama. Ku ji fa, yabo yake jira.

Salamata ta tambaye shi konkur fa? Ya ce ai wannan na 'yan ƙasa ne, amma akwai makarantun kuɗi. Na tambaye shi da wace shaidar karatu, tunda duk takardun da ta ci da guminta sunan Shahida Kabo ne a kai, wato yanzu na matar Tampouy ne wadda ko aji shida ba ta gama ba? Nan ya tsaya. Mutumin da ya san ƙofar kowane ofis a Wagadugu, wannan bai zo masa a rai ba. Ya buɗe baki zai ce yel ka be, Allah ya taimake shi ya haɗiye.

Shahida ta karɓi katin da hannu biyu, ta karanta gaba da baya, ta shiga ɗaki. Aka rufe konkur ranar Litinin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zauren ya cika kamar kullum, dattawan unguwa da Kanawan da ya yi wa takardu, ana shan shayi. Dama Shahida ta zo rumfata tun da safe ta ce in raka ta layin masu goro. Ta zaɓi fari babba guda ɗaya, ta naɗe a ganye. Ban tambaye ta ba, na bi ta gida na tsaya a bakin ƙofa. Ta yi sallama ta ƙofar waje, inda baƙi ke shigowa, ta cire takalmi, ta durƙusa a gaban ubanta ta ajiye goron.

Ta ce, "Mai masauki, baƙuwa ce daga Kano, sunana Rahmatu. Ga goron sauka. Allah ya saka da alheri."

Babu wanda ya motsa. Kowa a zauren nan ya san ta tun tana rarrafe, kuma kowa ya san mai gida ba ya mayar da goron baƙo. Yaya ya dubi goron, ya dubi mutane. Ya ɗauka ya fasa, ya kai baki. Na ga yana tauna, ban ga ya haɗiye ba.

Tun ranar ta kwashe kayanta ta koma ɗakin baƙi na kusa da zaure. Tana taya ni a rumfa, ta iya yanka atamfa fiye da ni, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Kullum da safe tana gaishe shi da ladabi, ina kwana mai masauki, kamar yadda kowane baƙo ke yi. Shi kuwa yana nan da motonsa da baƙar jakarsa, har yanzu ana turo masa mutane daga tasha, sai dai ya rame, kuma ya daina zama a zaure bayan Juma'a.

Makon jiya ya zo rumfata, abin da bai taɓa yi ba. Ya jira Shahida ta tafi salla, ya zauna a kan benci yana juya hularsa. Ya ce tunda tana jin maganata, in roƙa masa ita ta koma ce masa Baba, ko sau ɗaya ne. Na ji tausayinsa, ba zan yi ƙarya ba, ciki ɗaya muka fito. Amma na ci gaba da ninke atamfata.

Na ce, "To Yaya, kawo takardar da ta nuna kai ne ubanta."