Ranar da aka ce Yaya ya zaɓa tsakanin wuƙa da kirgi

Tun kafin Nasara su iso ƙasarmu, a nan wajen da ake kira Dakoro, gidanmu gidan jima ne. Salka muke yi, ta zuba ruwa, da guga da igiyar fata, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Majema sun cika fili, mata na dakan bagaruwa, masu ɗinki na ƙarƙashin rumfa. Wanda ya taho daga Azagor da hancinsa yake gane ya kusa isowa. Mu dai mun daɗe da daina jin warin.

Yayana shi ne uban aiki. Shi ke riƙe da babbar wuƙar kankare fata, shi ke cewa a jiƙa ko a tsame. Gwani ne, ba na musu, amma kuma ya san gwanin ne, abin da ya lalata shi ke nan.

Sai dai a bisansa akwai zaman dattawa. Duk ranar kasuwa mukan taru gindin aduwa, mu kira shi ya tsaya ya faɗi yadda aiki ke tafiya. Mai jagorancin zaman wani tsohon majemi ne, yana zaune kan kirgi, wato jemammiyar fatar bijimi. Akwai madugun Buzaye daga wajen Tagriss, wanda ba danginmu ba ne, an sa shi ne don shi ke shan ruwan salkarmu cikin daji. Sai ni, a madadin mata masu daka. Mukan sa hannu cikin tulin salka mu zaro ɗaya, a cika ta a rataye a rana. In ta yi yoyo, uban aiki ya sha faɗa a gaban kowa. Dokar kuwa tun ta kakanni ce: wanda ya hau kirgi sai ya ajiye wuƙa.

Da tsohon ya rasu, kowa ya san Yaya ya fi cancanta da kirgin. Shi ma ya sani. Abin da ba mu sani ba, yana so ya haɗa biyun. Ya zo gidana da goro, abin da bai taɓa yi ba.

"Auta, ke dai ki yi shiru gobe," in ji shi. "Wa ya san hwata kamata? In zamna bisa kirgi, in riƙe wuƙata, aiki shi yi sauri."

Na ce, "To Yaya, in salka ta yi yoyo, kai za ka kira kanka ka yi ma kanka hwaɗa?"

Ya ce salkarsa ba ta yoyo. Na cinye goron dai, don ba a mayar da goro.

Washegari a gindin aduwa, da Yaya ya faɗi buƙatarsa, sauran majema duk suka sunkuyar da kai, don shi ya koya musu aiki. Madugu ya gyara rawani ya ce shi baƙo ne, abin da 'yan gida suka yanke shi ke nan. Wallahi haushi ya kama ni, mutum da aka kawo don ya yi magana! Sai ido ya dawo kaina. Abin ya yi mini nauyi, domin Yaya ne ya goya ni bayan rasuwar innarmu, kuma ban taɓa ce masa a'a a bainar jama'a ba. Amma na ce ban yarda ba. Na ce 'ya'yan mutane ne ke shiga daji da salkar nan, kuma Yaya ba zai dawwama ba, wanda zai gaje shi wa ya san halinsa? Nan da nan madugu ya tuna yana da baki, ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan.

Aka ce Yaya ya zaɓa. Ni na yi tsammanin wuƙa zai ɗauka, don ita ce ransa. Girman kai bai bar shi ba. Ya zare ta daga kugu, ya miƙa wa babban almajirinsa na aiki, ya hau kirgi ya zauna ba tare da ya dube ni ba.

Damina guda bai amsa gaisuwata ba. In mun haɗu a hanyar rijiya sai ya shiga duban sama kamar yana neman hadari. Na yi dariya a fili, na yi kuka a ɗaki. Aikin kuwa ya gyaru, don ba a taɓa samun mai duba irinsa ba. Da shinshinawa kaɗai yake gane salkar da aka tsame da wuri, sabon uban aiki har rama ya yi don tsoronsa. Yabo ya yi ta zuwa daga madugai, amma fuskar Yaya ba ta saki ba.

Wata safiya da kaka, ina tace ruwan bagaruwa a babbar ƙwarya, sai ga shi ya shigo ba sallama. Ya tsuguna, ya buɗe mini tafin hannunsa. Hannun da na sani baƙi ƙirin da ruwan jima tun ina goye, ya koma fari fat kamar na malami.

"Dubi abin da kinka yi mini," ya ce.

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Dokar taku, wuƙa ta hana ko har da wagga?"

Na ce wuƙa kaɗai ta hana.

Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu biyu har gwiwa. Na juya baya na kama daka, don kada ya ga idona. Daga ranar har ya bar duniya, kullum da safe ina ajiye masa ƙwaryarsa daban.