Gonar Baba Daga Sama

Ana idar da sallar asuba muka bar Keffi, ni da wani abokina da ya sha zirga-zirga kafin hukuma ta yi wa ɗan jirginsa marar matuƙi rajista. Jirgin bai fi faranti ba, amma abokina ya rungume akwatinsa a cinya kamar mai jego.

Hanyar Akwanga lafiya lau, duwatsun Eggon sun yi kore shar. Daf da Lafia jami'an tsaro suka tsayar da mu. Ana buɗe akwatin fuskokinsu suka canja. Abokina ya miƙa takardar izini, babbansu ya duba lambar jikin jirgin, ya ce mu wuce.

A Lafia muka karya da sakwara da miyar agushi, arahar doya har ta sa na ji haushin kasuwarmu. Daga nan sai Kwandere, wurin ƙanin marigayi mahaifin abokina, dattijon da ciwon ƙafa ya raba da gona. Baba ya so a tashi jirgin a ƙofar gidansa, abokina ya ba shi haƙuri, ya ce doka ta hana saboda filin jirgin sama na kusa. Ransa ya ɗan sosu. Sai muka ɗauke shi a mota zuwa gonarsu ta gado a hanyar Obi. Rafi ya tare mu, gonar kuwa tana can tsallake.

Bayan mun sanar da mai unguwa, jirgin ya tashi da ƙugi kamar taron zuma. Ga abin da ya bayyana a wayar abokina: kunyoyin doya reras har iyakar gani, rafin ya koma zare, mu kanmu kamar ƙwayar gero. Baba ya riƙe wayar hannu biyu, bakinsa na ta tasbihi.

"Ɗana, tsayar da shi nan," in ji shi. "Wannan mangwaron ni da babanka muka dasa. Ashe haka ya zama."

Abokina ya bar jirgin tsaye a kan itacen har batir ya fara kuka.

Da magariba muka iso gida. A hanya na yi ta tunani: idon da ya kai tsoho gonarsa yana zaune, zai iya leƙa tsakar gidan kowa. Ranar na yarda lallai a san mai riƙe da shi.