Hotonta a Na'urar Asibiti

Matata ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ranar aurenmu tana cikin lulluɓi, bayan nan kuma wani dalili bai taso ba. Hotonta ɗaya ne a duniya, shi ma ba mu muka nema ba, asibitin garinmu ne ya ɗauka.

A shekarun da taki ya gagari manomi, mai ya yi tsadar da injinan ban ruwa suka kwanta, aka kawo wa ƙaramin asibitinmu wata na'ura. Baƙa ce, shafal kamar allo, ta fi waya faɗi, da hasken rana ake cajinta. Da can kati ake ba mutum, ruwa ya jiƙa shi ko ɓera ya ci, a sake wani. Yanzu aka ce kowa zai ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi, shi ke nan na'urar ta san shi. Abin ya ɗaure min kai. Na sha tsayawa a bakin taga ina kallo, ina son in gane yadda take riƙe mutanen ƙauyuka masu yawa haka ba ta haɗa wani da wani ba.

Hawan jini ya kama matata bayan haihuwar 'yarmu, don haka duk wata nakan kai ta karɓar magani. Ma'aikaciyar da ke duba ta 'yar wajen Rimin Gado ce, mai yawan barkwanci, kowa Malama yake ce mata. Ranar rajista na'urar ta ƙi yatsan matata. Dashen albasa a fadamar Watari da sussuka sun cinye zanen, ga kuma lalle. Aka wanke, aka shafa mai, aka gwada na hagu, shiru.

"'Yar'uwa, injin nan ya ce bai san ki ba," in ji Malama. "Tunda yatsa ya ƙi, fuska za ta yi. Ɗago kanki." Ta saita na'urar, tana tambaya tana dannawa. "Sunan maigida?"

Matata ta sunkuyar da kai. A wajenmu mace ba ta kama sunan mijinta, kuma duk zamanmu ban taɓa jin nawa a bakinta ba.

"Ga shi nan tsaye, ki tambaye shi," ta ce a hankali.

"Ke nake tambaya. Ko kin manta ne? Malam, ka ji fa, an manta da kai!"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Matata ta ja mayafi za ta rufe baki, dariyar ta riga hannun, a daidai nan Malama ta danna.

Matata ta rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Ba zan tsawaita a nan ba. Allah Ya jiƙanta. 'Yarmu a lokacin ba ta daɗe da yaye ba, sai mahaifiyata ta ɗauke ta.

Bayan haka saƙo bai daina zuwa wayata ba. Duk wata sai ya shigo, yana tuna mata ranar karɓar magani. Nakan karanta in mayar da wayar aljihu. Na yi ta tunanin wa yake turowa, mutum ne zaune a wani ofis ko na'urar ce da kanta, kuma ban je na sanar da rasuwar ba.

Da yarinyar ta yi wayo sai ta fara nuna mata a hanya. "Baba, Innata kamar waccan take?" In ce a'a. "To kamar wa?" Na buɗe baki zan kwatanta, na ga ni ma fuskar ta fara kuɓuce min. Muryar tana nan, tafiyar tana nan, amma fuskar ba ta tsayawa. A nan na tuna da hoton.

Na je asibitin, Malama ta yi min gaisuwa. Ta ce ta ji labari tuntuni, jiran iyali take yi, domin da zarar ta shigar da rasuwar shafin zai rufe, ita ma ba za ta ƙara iya buɗe shi ba. Tura hoton waya kuwa, na'urar ba ta da hanyar yin haka.

"Yana cikin allon nan ne?" na tambaye ta.

"A'a, yana can wani wuri mai nisa. Sai da sabis yake zuwa."

"In an rufe, ina zai tafi?"

"Wallahi Malam ban sani ba. Buɗewa da rufewa aka koya mana."

Na roƙe ta ta dakata in kawo yarinyar. Ta ce zuwa ranar kasuwa, domin masu duba aiki sun fara tambayar marasa zuwa karɓar magani.

Ranar kasuwa na ari wayar ƙanena mai ɗaukar hoto, na goyo yarinyar a keke. Muka tarar babu sabis. Malama ta bar ɗakin, ta kai mu bayan asibiti gindin kuka, inda ta ce yakan kama. Ta ɗaga na'urar sama, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Na tsaya ina kallon zoben, ina tunanin nisan da fuskar za ta taho. Ya juya har hannun Malama ya gaji ta canza, sannan fuskar ta bayyana, mayafin a rabin hanya, haƙoran a waje.

Yarinyar ta daɗe tana kallo.

"Me take wa dariya?"

"Sunana aka tambaye ta."

"Ba ta sani ba?"

"Ta sani."

"To me ya sa ba ta faɗa ba?"

"Kunya take ji," na ce. Malama ta juya fuskarta wajen gonaki.

Bayanin ciwon yana rubuce a ƙasan hoton, ba a yarda a ɗauke shi ba, sai Malama ta rufe wurin da tafin hannunta, na ɗauka da wayar ƙanena. Na duba na ga ya fito, sannan na ce mata ta rufe. Ta danna. Saƙon bai ƙara zuwa ba.

Na kai Kano aka wanko mana shi a takarda. Yatsun Malama sun fito a gefen ƙasa. Yarinyar takan ɗora nata a kansu, ta ɗauka hannun Innarta ne. Ban gyara mata ba tukuna.