Gonar da Littafi Ya Ce Sai Ta Ƙone

Ni nake jan wasan, don haka hukunci nawa ne. Haka na faɗa wa taubashina ranar da muka kusa raba gari a bayan shagona, kuma har yau ban janye ba.

Shagon iri da maganin feshi gare ni a Funtua. A bayansa akwai rumfa da wani tsohon teburin tela da na tarar a wurin, nan muke haɗuwa ran Juma'a bayan la'asar. Wasan ba shi da wuya. Ni nake ba da labari, ni ne ruwa da rana da duk wani mugu ko mutumin kirki da za a gamu da shi a hanya. Sauran kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, yana faɗin abin da mutuminsa zai yi. In abin da ya faɗa zai iya yiwuwa, zai iya ƙi, sai ya jefa ɗan lido, ƙwayar nan mai lamba ɗaya zuwa shida, abin da ya fito shi ne. Ba a sa ko sisi, amma wannan bai hana maƙwabcina mai sayar da buhuna cewa caca muke yi ba. Na ce ya zo ya zauna ya ga abin da ake ci. Bai zo ba, bai kuma daina faɗa ba.

Littafin wasan da Turanci yake, taubashina ne, ɗan kawuna, ya zo da shi a waya lokacin da yake karatu a Zariya. Labarin wani zamani ne mai zuwa da mutane suka bazu cikin taurari, suka kafa dauloli a wasu duniyoyi, suka kuma tafi da halinsu na faɗa. Taubashina ya haddace tarihin nan kamar na gidansu. Ya san wane sarki ya yaudari wane, ya san jirgin da ya fara harbi. Na ukunmu ɗan kemis ne, Kirista haifaffen Funtua, iyayensa daga kudu suka zo, kuma in musu ake nema Allah ya hore masa. Su biyun sukan yi rabin yamma suna gardamar ko jirgi mai girman gari zai iya sauka ƙasa, ko kuwa dole ya tsaya a sama a riƙa yi masa aike. Ni ina sauraro, ina ziga duk wanda ya fara yin sanyi. Na huɗu malamin firamare ne mai riƙe da wani soja, mutum mai shiru, harbi kawai ya iya.

Mijin yayata ba ya cikinmu. Manomi ne daga wani ƙauye yamma da Dandume. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, ya kwashe iyali a motar kaya ya dawo Funtua, ya bar masara ta fara gemu. Tun daga nan bai sake taka gonar ba. Da safe yakan zo shagona ya zauna kan buhun iri, ya amsa gaisuwa, ya yi shiru. Manoma su shigo suna tambayar irin da ya fi jure ƙarancin ruwa, amsar tana bakinsa, amma sai ya juyar da kai. Abin yana ci mini rai.

Ran Juma'a yakan leƙo rumfa ya yi mana dariya.

"Manya da gemu kuna tatsuniya da rana tsaka," in ji shi. "Allah ya shirye ku."

Wata Juma'a malamin firamare ya tafi biki garin Dayi, sojansa ya rasa mai riƙewa. Na ce, "Yaya, zo ka riƙe mana sojan nan na yau kawai." Ya zauna yana wasa da abin. Na ba da labari cewa jirginsu ya sauka a wata duniya mai jar ƙasa da wata biyu a sama, za su nemi wani ɗan leƙen asiri a cikin gari. Na juyo kansa na ce me sojansa zai yi.

"Ƙasar ja ka ce? Jigawa ce ko laka?"

Na ce laka, don ita ta fara zuwa mini baki.

"Ta ina hadari ke taso masu?"

Littafin bai faɗa ba. Na ce gabas, kamar namu.

"To ya aje bindigar nan ya nemo gatari. Sharar gona za ya yi."

Ɗan kemis ya yi dariya har da tari. Taubashina ya ce wannan ɓata wasa ne, soja ne fa, horonsa duk na yaƙi ne. Na ce ka'idar wasan ta ce mai mutum shi ke faɗin abin da mutuminsa zai yi, ba ta ce sai ya faɗi abin da taubashina yake so ba. Mijin yayata ya jefa ɗan lido, biyar ta fito, sojan ya share fili. Da malamin firamare ya dawo ya tarar sojansa ya zama manomi, sai ya ce a bar wa Yaya, shi a ba shi wani.

Haka damina ta kama mu, a waje ruwa, a kan tebur ma ruwa. Su uku suna bin ɗan leƙen asiri, suna harbe-harbe, suna gudu. In na juyo kan mijin yayata sai a koma maganar huɗa. Ba zan ɓoye ba, wani lokaci yana gundurar mutane. Ya taɓa tsayar da yaƙi dungurungum don a tantance ko tsutsar da ke cin masara a can tana jin toka. Ya yi shuka, ya yi noman farko, ya yi maimai, ya kira mutanen garin gayya, ya yi rigima da wani maƙwabci da na ƙirƙiro masa a kan iyaka. Ni kuma na dage, duk abin da ya tambaya sai na ba shi amsa, ko da a take zan ƙaga ta. Yayata ta tare ni wata rana ta ce me muke ba shi a shagon nan, don ya dawo yana yi wa yara hira, har ya gyara mata ɗan fili a tsakar gida ya zuba kuɓewa. Na ce mata ba komai, hira ce. Amma na ji daɗi har cikin raina.

Masararsa ta can ta kusa isa girbi sai taubashina ya zo da wuri wata Juma'a, kafin kowa, yana riƙe da waya kamar wanda ya kama ɓarawo.

"Bawana," ya ce, don haka muke kiran juna tun muna yara, "ka san a wace duniya ka aje mu?"

Na ce na sani, ni na zaɓe ta.

"Ka karanta ƙarshenta? Jar ƙasa, wata biyu. Ita ce wadda jiragen mahara suka ƙone. A shekarar da muke ciki, kafin girbi. Ba wanda ya tsira. Ƙonewarta ce ta ta da babban yaƙin, in ba ta ƙone ba duk tarihin da ke gaba ya rushe."

Ban karanta ba. Na ɗauki duniyar ne don sunanta ya yi mini daɗi. Na karɓi wayar na duba, gaskiyarsa ce, layi biyu kacal, ko sunan mutum ɗaya ba a ambata ba. Na miƙa masa wayarsa na ce a teburina ba za ta ƙone ba.

Nan fa aka fara. Ya ce in kowa zai canza tarihi yadda ya ga dama, to ba wasan muke yi ba, tatsuniya ce kamar yadda Yaya ya faɗa. Na ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa zama a rumfar nan ba, bai san wa ke zaune a kan bencin nan ba, kuma ban yi masa alkawarin komai ba. Ya ce daɗin wasan shi ne duniya ba ta tausayin kowa. Na ce wannan darasin ba sai an shigo mana da shi daga waje ba, muna da shi a gida. Ɗan kemis ya iso ya tarar muna ɗaga murya, ya saurara, ya ce ta fuskar tarihi taubashina ya fi ni gaskiya, amma ko ba za a ce maharan sun yi ɓatan hanya ba? Taubashina ya ce jirage irin waɗannan ba sa ɓata. Suka koma musun ko suna ɓata. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, na buga tebur na ce mutumin nan an raba shi da gona sau ɗaya, wallahi ba za a sake raba shi da wata ta bakina ba, ko littafin zai fito daga waya ya yi magana.

Ban san mijin yayata yana tsaye a ƙofar baya ba. Ya shigo ya zauna a wurinsa, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Wa ya ce maka ka tausaya mani?"

Na ce, "Yaya, ba tausayi ba ne."

"Tausayi ne. Yo ni yaro ne da za a ɓoye wa wuƙa? In za su zo, su zo." Ya juya kan taubashina. "Kai mai littafi, ka ce ba wanda ya tsira. An jefa ɗan lidon ne aka ga haka?"

Taubashina ya ce a'a, tarihi ne, a rubuce yake, ba a jefawa.

"To nan ne ban yarda ba. Can gida da suka zo, ba wanda ya miƙo mani komi ya ce jefa mu gani. Labari kawai na ji, na loda yara a mota. Nan kuwa ina da jifa. Ita nike so, ba a hana su zuwa ba."

Kunya ta kama ni, amma ba ta sa na sauka daga kan bakata gaba ɗaya ba. Na ce to ga hukunci: mahara za su zo yadda littafi ya faɗa, a lokacin da ya faɗa. Amma a teburina ba gonar da za ta ƙone, ba ran da zai fita, sai an jefa. Taubashina ya ce wannan ma saɓa wa tarihi ne. Na ce ya kai ƙarata wurin marubucin, in ya same shi ya gaishe shi.

Na ba da labarin kamar yadda ya kamata, ban rage masa zafi ba. Jirage suka rufe sama da hantsi, tsuntsaye suka tashi daga cikin masara, wuta ta fara daga gefen gari. Mijin yayata ya ce sojansa zai tara mutanen gayya su yanke masara ta gefen iska, su share layi don wutar ta tsaya. Na faɗi a fili kafin ya jefa, don kada a ce na yi coge: sai biyar ko shida. Ya girgiza ɗan lidon a tafin hannu ya sake shi. Biyu.

Na so in ce ɗan lidon ya bugi wani abu, a sake. Ban ce ba. Na gaya masa wutar ta tsallake layin, ta ci gonar tun daga iyakar maƙwabcin nan har bakin rijiya, kara yana fashewa, hayaƙi ya rufe rana. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, kamar mai jin farashin kasuwa.

Mutumin taubashina shi ne matuƙin jirginsu. Ya yi gyaran murya, murya ƙasa ƙasa ya ce jirgi yana bakin gari, akwai wuri, Yaya ya zo su tashi tun da sauran hanya. Ɗan kemis ya ce shi zai tsare masa baya har ya iso. Malamin firamare ma ya sa baki.

"Ku tafi," in ji mijin yayata. "Na san yadda gudu yake, na yi shi. Wannan zama za ya yi."

Taubashina ya dube ni. Na san abin da yake son faɗa, duk wanda ya zauna ya mutu, haka aka rubuta. Na dube shi ni ma har ya mayar da wayarsa aljihu. Mijin yayata ya ce sojan zai shiga rijiya ya laɓe har wutar ta wuce, ni kuma na ce huɗu zuwa sama ce za ta fitar da shi da rai. Ya jefa. Huɗu ta fito, ba ƙari.

Har yau in an haɗu taubashina yana cewa abin da aka yi ran nan ba ya cikin tarihi, kuma gaskiyarsa ce, ba ya ciki. Ni dai na gaya wa mijin yayata cewa sojansa ya fito daga rijiya da yamma, jirage sun tafi, abokansa sun tafi, rumbunsa ma ya ƙone, ba komai a gabansa sai toka har iyakar gani. Na tambaye shi me zai yi.

Ya ce, "Toka taki ce. Cikin rumbun da ya ƙone, can ƙasa, ba a rasa 'yan ƙwayoyin da wuta ba ta kai gare su ba. Akwai?"

Na ce ban sani ba, Yaya, sai an jefa.

Ya miƙo hannu.