Wasiƙar Ba Modu da Na Tura Kwandon Shara

Kafin hannuna na dama ya shanye, ni ne wanda mutanen layinmu a Umarari suke nema idan imel ɗinsu ya cika da shirme. Babana dillalin shanu ne, ya so in bi sawunsa, ni kuwa girman kai ya hana ni shiga kashin shanu. Da na gama sakandare sai na samu aiki a wani shagon intanet mai kwamfuta shida da tsohon janareta mai tari. Lokacin ƙungiyoyin agaji sun cika Maiduguri, kowa yana neman aiki ko tallafi, kuma kowace takarda ka cike sai an ce ka rubuta imel. Mutum zai buɗe akwatinsa ya tarar da tulin saƙonni: ka ci mota, wani attajiri ya bar maka gado, ga maganin tumbi. Na gaskiyar guda ɗaya ne a ciki, shi kuma ba ya gane shi.

Aikina ke nan, kuma na iya shi. Ina sa wa akwatin mutum abin tace saƙonni, wato matata, saƙon banza ya zarce wurin da ake kira sifam, wato kwandon shara, adireshin da mutum yake jira kuma in sa shi cikin amintattu don kada ya ɓace. Kafin in yi haka sai an ba ni kalmar sirri. Suna ba ni ba tare da ɗar ba, wasu ma ni na ƙirƙira musu ita.

Wata rana ina share wa wani malamin firamare akwatinsa sai na ga an ɗauke shi aikin da ya nema, shi bai sani ba. Da wasa na ce masa ina da hanya a ofishin, in yana so in yi masa magana. Washegari na miƙa masa takardar da tun jiya take zaune a akwatinsa. Ya rungume ni har da hawaye, ya kawo min kaji biyu da abin goro. Na ci kajin nan ban ji komai a raina ba.

Daga nan na juya matatar. Saƙon gaskiya shi ne yake faɗawa shara, na banzan in bar kaɗan a sama don kada a ga akwati fayau a yi zargi. Sai in sayar wa mutum abin da Allah ya riga ya ba shi. Wani direba ya taɓa ɗago ni, ya ce zai tona min asiri. Na sa wasu ƙarti biyu da nake ciyarwa suka ja shi bayan shago, suka zane shi da bel ɗin janareta har rigarsa ta manne da jini. Ni na danne masa ƙafafu. Bai sake bi ta layinmu ba, ni kuma na ƙara jin kaina.

A haka Ba Modu ya shigo hannuna. Dattijo ne manomin shinkafa daga Zabarmari. Wani abu ya fashe kusa da gonarsa, ya tafi da idonsa na hagu, na daman kuma yana dusashewa a hankali. An rubuta sunansa cikin waɗanda wasu likitocin ido daga waje za su yi wa aiki idan sun zo, aka ce za a aiko da rana ta imel saboda layin waya ba shi da tabbas a ƙauyensu. Ƙanensa Kyari, mahauci a Ajilari, shi ya riƙo sandarsa ya kawo shi na buɗe masa akwati.

Wasiƙar ta zo ranar wata Laraba. Ta ce ya je Talata mai zuwa da safe, kada ya ci komai. Ta faɗa shara kamar yadda na tsara.

Da suka zo tambaya na ce, "Baba, shiru har yanzu. Amma ina da mutum a ciki, in an ɗan motsa za a sa sunanka a gaba."

Ya juyo da idon nan guda wajena ya ce, "Ɗana, likita ya ce kyauta ne. In na biya aka sa ni gaba, wa za a mayar baya?"

Haushi ya kama ni. Na ce a raina tsohon nan taurin kai ne da shi, kafin Talata zai karaya. Ya dawo Asabar, ya dawo Litinin, kullum da gaisuwarsa ta Kanuri, "Wushe, ɗana," a bakinsa, kullum in ce shiru. Bai karaya ba. Talata ta wuce, likitocin suka gama kwanakinsu suka tafi. Kafin a girbe shinkafar shekarar idon ya rufe ruf.

'Yarsa Falmata, wadda take karatun jinya, ita ta tono ni. Ta buɗe akwatin babanta a wayarta, ta leƙa sifam, ta ga wasiƙar, ta ga har da umarnin da na rubuta cewa duk saƙon likitocin a jefa shi can. Da azahar ta shigo shago ta ɗora min wayar a fuska. Na kwaɗa mata mari, na fizge wayar na maka da ƙasa, na murɗe mata hannu har na ji ƙashi ya yi ƙara. Ta fita tana ihu, ni kuma wai na zauna ina goge shaida.

Ban gama ba Kyari ya iso da mahauta da rabin unguwa. Ƙartina biyu suka tsallake katanga suka bar ni. Aka jawo ni waje ta wuyan riga, gora da bulo da ƙafafu suka yi ta sauka a kaina, haƙorana uku suka zube a kwata. Kyari ya shimfiɗa hannuna a kan benci ya ce, "Da wanne kake danna abin?" Ya danne na dama. Ya juya gatarin fasa ƙashi ya sauke min ƙeyarsa sau uku. Na ji wani yana cewa a kawo taya, na ji sanyin fetur a bayana. Motar 'yan sanda ce ta iso kafin ashana ta kama.

Alƙali ya ba ni shekara biyar, Kyari ma ya yi wata takwas saboda hannuna. A gidan yari an karya min haƙarƙari kan wurin kwanciya, na koyi tsarki da cin tuwo da hagu. Duk wannan bai dame ni kamar "Wushe, ɗana" ba.

Da na fito, sai da na yi sati uku kafin na iya zuwa Ajilari, gidan Kyari, inda Ba Modu ya koma da zama. Na tarar da Ba Modu a zaure kan tabarma, Falmata tana tsaye a bakin ƙofa. Na faɗi sunana, na durƙusa, na ce na zo neman gafara. Ya laluba aljihu ya ciro wata takarda da ta yi laushi don ninki.

"Falmata ta buga min ita, amma duk sanda ta fara karantawa sai kuka. Kyari bai yi boko ba. Kai ka karanta min."

Na karanta ina mayar masa da Hausa. Sunansa, ranar Talata, kada ya ci komai, an ware masa gado na bakwai.

"Gado na bakwai," in ji shi. "To wa ya kwanta a kai?"

"Ban sani ba, Baba."

"Allah ya sa wani ya kwanta. Kada ya zama ya tashi a banza."

Na yi kuka kamar ba namiji ba. Ya ce ya yafe nasa, na Falmata kuwa in tambaye ta. Na tambaye ta, ta juya ta shige gida, kuma ban ga laifinta ba.

Ku matasa masu waya a hannu, kalmar sirrinku kada ta bar bakinku, ko ga mai fara'a irina. Saƙon banza ku tura shi sifam da hannunku, adireshin da kuke jira ku ajiye shi cikin amintattu, ku duba ko wani ya sa muku umarnin da ba ku sani ba. Wanda kuma aka ba shi amanar akwatin wani, ya tuna ni da kaji biyu na fara. In kuna jiran wani saƙo, kada rana ta faɗi ba ku leƙa kwandon sharar ba. Wasiƙar Ba Modu kwana shida ta yi a ciki idonsa yana gani.